Zauna Ki Cika Arba'in, Zuwaira

Batsari, ranar Talata, bayan sallar la'asar.

Zuwa ga Zuwairatu, hasken ɗakina, sanyin idona, ruwan farko mai sauka kan busasshiyar gona, inuwar tsamiya ga wanda ya wuni a ranar kasuwa, zumar da ba a taɓa surka ta da komai ba, uwar ɗiyata Hadiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina ruwan zafi, yaya ƙarfin jiki? Yaya baƙuwarmu, tana kama nono sosai? Ki durƙusa ki gaishe mini da Baba da kyau, ki gaishe da Inna, ki ce mata Allah ya saka da alheri, ya biya ta wahalar itace da hayaƙin da take sha safe da yamma saboda ke. Ki gaishe da duk wanda ya tambaye ni a gidan, banda mutum ɗaya. Za mu zo kansa.

Jiya da hantsi Salmanu direba, wanda nake aiko miki da ƙauri ta hannunsa, ya tsaya bakin rumfata yana sosa ƙeya kamar wanda ya ci bashin kunya. Ya ce kin roƙe shi ya ɗauko ki daga Safana ranar Alhamis, ya ce shi ba zai ɗauki mai jego ba tare da izinin Baba ba, kika ce to shi ke nan, ai acaɓa bai ƙare a duniya ba. Wai da asuba, Inna na can tana hura wutar ruwan wanka, za ki saɓa Hadiyya a baya ki sulale, ki zo Batsari ki yi gadin numfashina tunda na'urar da ke hura mini iska in ina barci ta mutu. Zuwaira! Da jaririyar kwana goma sha tara? Da ɗinkin da ko kamewa bai gama yi ba? A wannan hanyar, a tsakiyar wannan daminar? Wuƙa ce a hannuna lokacin da yake maganar, sai da na ajiye ta a kan katako na zauna.

Shi ya sa na nemo takarda. A waya kin fi ni baki, in kuma kika fara kuka sai in manta abin da na shirya, ga ɗakin Inna kullum cike da 'yan barka masu kunnen zomo. Takarda ba ta katse mutum. Maganata ɗaya ce tak, duk sauran rakiya ce: kada ki zo.

Kin san samarin nan masu zama bakin shagon caji suna danna wa 'yan mata saƙo, wai in ba ke ba na iya numfashi, wai begenki ya hana ni runtsawa? Tir! Maƙaryatan banza. Su narki taliya faranti biyu, su miƙe su yi barci kamar buhun masara, gari ya waye su ce ba su runtsa ba. Su zo nan su tambayi wanda maƙogwaronsa ke rufewa da kansa da zarar ido ya rufe, su ji yadda rashin numfashi yake, mu ga ko za su ƙara sa shi a saƙon waya. Duk garin nan ni kaɗai ke da haƙƙin rubuta wa mace cewa ba na numfashi, kuma ba zan rubuta miki ba, don ba kewarki ce ta shaƙe ni ba, naman wuyana ne da aikin Gwaggo Kande. Kewarki daban take, ya farin watana. Ita ba ta jiran dare. Tana kama ni da rana tsaka ina cikin ciniki, in ga wata ta wuce da mayafi ruwan ganye irin naki, in tsaya sororo har mai saye ya gaji ya koma rumfar gaba.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi, don na san wanda ya iso Safana an ƙara masa gishiri. Da kika tafi gida haihuwa, Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Wagini wai ta riƙa dafa mini abinci kada in lalace. Ni mahauci, in lalace! Tun ranar da ta shigo take hararar na'urar nan da ke gefen gado, tana cewa abin da ba a san kansa ba bai kamata mutum ya kwana da shi a fuska ba. Na ce mata, Gwaggo, komai na ɗakin nan naki ne, banda wannan. Kin ga kuskurena ke nan. Da cewa na yi ta riƙa goge ta kullum, da har ta koma Wagini ba ta kalle ta ba.

Kwana biyu bayan suna, ruwa ya dake ni a hanyar mayanka, mura ta kama ni. Ina kasuwa Gwaggo ta buɗe na'ura. Ta ga ɗan tankin nan da kike zuba masa tafasasshen ruwan da ya huce, ta ga tiyo, ta ga takunkumin hanci, sai ilimi ya sauko mata daga sama: ashe abin sirace ne, shi ne ake ta yi masa wani girma! Ta tsinko ganyen dogon yaro, ta haɗa da citta da kanumfari da ɓawon lemun tsami, ta tafasa, ta narka man zafi a ciki, ta ɗura har ya tumbatsa. Ta ga ɗakin da duhu, ta rungumi na'urar a karkace ta fita tsakar gida don ta duba aikinta da kyau, ta dawo da ita a karkace, ruwa na bin duk inda bai kamata ba. Sannan ta jona ta a batir wai ta ɗau ɗumi kafin in dawo. Na shigo na tarar da hayaƙi da warin roba, Gwaggo kuwa na zaune ta harɗe tana jiran godiya. Kin san me ta ce? "Ai ɗan nan, da ka faɗa mini sirace kake yi kullum da tuni na gyara maka. Wannan farin ruwan da matarka ke zubawa me zai yi wa mutum?" Ƙanwar ubana ce, me zan ce? Na ce sannu da aiki.

Ni ma ban tsira daga wauta ba, kada ki ce na wanke kaina. Da safe na naɗe gawar a zani na kai wa Mamman mai gyaran rediyo. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne kamar mai sayen kankana, ya ce, "Badaru, wannan ai fanka ce kawai aka sa a akwati, ka dawo bayan azahar." Ya kwance ta, ya hure, ya shanya kayan cikinta a rana kamar kilishi, ya bi su da dalma. Da ya mayar ya ɗaure, kusoshi huɗu suka yi saura a kan teburi, ya ce na ado ne. Kafin in kai masa, takan ɗan yi ƙyafta da fitila ɗaya. Bayan ta fito daga hannunsa ko ƙyaftar babu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma har da cewa in gaya wa mutane shi ya duba mini.

Yau kwana goma ke nan. Kuma duk garin nan ba wanda ya san abin da aka kashe sai ke, ya sanyin safiyata, don ke kika gano ciwon. Shekara da shekaru dariya ake yi mini. Badaru mai minshari, in mun je sayen shanu ba mai yarda ya kwana ɗaki ɗaya da ni. Ba wanda ya taɓa cewa ciwo ne, ni ma ban taɓa cewa ba. Kin tuna dare na uku da tarewarki? Na farka na ji ana dukan ƙirjina, na buɗe ido na ga amarya, lalle bai bar hannunta ba, tana kuka tana salati. Kika ce na yi shiru har kin karanta Ƙulhuwallahu ƙafa biyu ban ja iska ba. Na yi dariya, na ce haka muke a gidanmu, kakana ma haka yake. Kika tambaye ni yadda kakan nawa ya rasu. Nan dariyar ta ƙare, don a barci ya rasu.

Ba ki ƙyale ni ba. Kika ɗauki sautina a waya, da safe ina shan koko kika ajiye mini ita kusa da kofi kika kunna. Na ji kamar ana yanka sa da dakusasshiyar wuƙa, gurnani, kakari, sannan shiru. Shiru, Zuwaira! Shekarata ashirin ina yanka, na san wannan shirun, na san abin da ke biyo bayansa. Kokon nan ban ƙarasa shi ba. Kika tasa ni gaba kamar ragon layya har asibiti a Kano, aka liƙa mini wayoyi na kwana, likita ta duba takarda ta dube ni ta ce numfashina na tsayawa kusan sau hamsin a awa guda, ta ce in gode wa matata. Bijimin da nake kiwo don babbar Salla shi ya tafi, na'ura ta zo, da sola da batir.

Wayyo daren farko! Na ɗaura takunkumi na juyo na kalle ki, kika yi dariya har kika zamo daga bakin gado, kika ce na yi kama da jakin da aka hana cin dawa. Ke kaɗai a duniya za ki faɗa mini haka in ji daɗi. Da kika gama dariyar kika matso, kika gyara mini igiyar bayan kunne da yatsun nan naki masu sanyi kamar ruwan randa, kika ce kwanta, ina nan. Da gari ya waye na tashi kaina wasai, ba nauyi, ba ɗaci a baki, na ji kukan kurciya a kan katanga kamar ranar aka halicce ta. Na fito tsakar gida na same ki kina shara, na tsaya ina kallonki kawai, kika ce lafiya? Yau nake ba ki amsa: ranar na fara zama mutum, kuma a hannunki.

To, mu zo kan wanda na ce kada ki gaisar. Ƙaninki Ikrima, Allah ya shirye shi in mai shiryuwa ne. Ya zo kasuwa da buhunan wakensa, ruwa ya tare shi, ya kwana gidanmu. Na zaɓar masa tsoka mai kyau, ya ci tsire har ya kasa sunkuyawa ya ɗaure takalmi. Da za mu kwanta na ce, Ikrima, ka san na'urata ta lalace, in ka ji na yi shiru ka taɓa kafaɗata kawai, zan juya. Abin da na roƙa ke nan, yatsa ɗaya a kafaɗa. Ƙato da gemu har ƙirji, mai cika wa mutane baki a majalisa cewa shi ba ya tsoron komai! Shirun farko da ya ji ya naɗe tabarma ya koma zaure ya kwana da sauro, wai kada a ce a gabansa aka yi. Ana sallame sallar asuba ya bi ayarin motocin farko, ko sai an jima babu. Ya isa Safana, bai tsaya wurin Baba ba, bai nemi Inna ba, sai ɗakin mai jego kai tsaye: "Yaya, in kina son ganin mijinki da rai, ki hanzarta." Wannan namiji ne? Aikin hannu ya gagare shi, na baki kuwa ko gajiyar hanya bai huce ba ya gama shi. Mutumin da shi kansa ba ya bin hanyar nan sai cikin ayarin motoci, shi ne zai tura yayarsa da ɗanyen jiki a bayan acaɓa? Ki faɗa masa ni na ce in ya sake zuwa Batsari ya nemi masauki a tasha, kuma tsiren gidana ya gama cinsa sai in a mafarki.

Yanzu ki ji yadda nake kwana daga bakin mai ɗaki, shi ya san inda yake masa yoyo. Na kira likitar nan ta Kano. Ba ta yi mini daɗin baki ba, ta ce ba abin da zai tsaya a madadin na'ura, amma akwai dabarun rage wuya kafin wata ta zo. Babbar doka, kada in kwana rigingine. Ta ce a ɗinka mini ƙwallo a bayan riga, irin wata ƙarama ta wasan masu kuɗi. Ina zan ga wannan a Batsari? Na je wurin mai goruba na zaɓo manya guda uku, na kai wa tela da tsohuwar rigata shuɗiya. Yana ɗinki yana dariya har allura ta soke shi, na ce alhaki ne. Yanzu da na mirgina baya sai gorubar nan su ce mini ga mu nan, in koma gefe ba shiri. Bayana ya yi tabo uku kamar an yi mini ƙaho, amma suna aikinsu, sun fi wasu masu gemu amfani.

Na ɗaga kan gado da bulo. Ni da tuwon dare mun raba gari, kunu nake sha da la'asar in haƙura, ni da nake kwana da ƙanshin balangu a hannu. Kafin in kwanta ina shaƙa ruwan gishiri a hanci. Maganin mura mai sa barci likita ta ce ko kusa. Babur ma ta hana ni, ta ce mai irin ciwona gyangyaɗi na ɗaukarsa ba sallama, to makullin yana ƙulle a bakin zanen Gwaggo, kin san kuwa abin da ya shiga nan ya shiga. Da ƙafa nake zuwa mayanka. Ba zan ce miki ina jin daɗi ba. Ina tashi da kai kamar an ɗora mini turmi, baki a bushe, raina a kusa. Shekaranjiya ina yankan nama ido ya rufe, wuƙa ta ɗan lashi babban yatsana, kaɗan ne, na ɗaure. Tun daga nan bayan azahar nake kishingiɗa a benci bayan rumfa, a gefe, kafin in koma aiki. Ranar Juma'a kuwa ana tsakiyar huɗuba na ji an zungure ni daga hagu da dama, sahu uku sun waiwayo. Wanda bai taɓa gyangyaɗi a huɗuba ba ya yi dariya, ban hana shi ba.

Sai likitocin kasuwa! Ashe Batsari cike take da masana ban sani ba. Wannan ya ce dannau ne, a yi mini hayaƙi. Wancan ya ce in sha man shanu da tafarnuwa kwana bakwai. Wani da ko ciwon kansa bai iya magani ba ya ce in rataya makulli a wuya. Waɗannan su ne fa masu kirana mai takunkumi a bayan ido, masu cewa Badaru ya sayar da bijimi ya sayi iska. Yau na'ura ta mutu, kowa ya zo da fuskar jimami yana leƙen idona ya ga ko na fara tafiya. Wanda ya fi ba ni haushi Hamidu wanzami. Har rumfa ya same ni da zabirarsa, ya ce in buɗe baki, wai belu ne ya tsiro ya toshe hanya, minti biyu ya cire shi in huta har abada. Har abada kuwa! Na dube shi, na dubi askarsa da ta ga kan rabin garin nan, na ce Hamidu, sana'ata wuƙa ce, na san abin da take yi wa maƙogwaro, kuma ban taɓa ganin rago ya kai kansa ba. Ya tafi yana cewa boko ya lalata mutane.

Gwaggo kuwa, tun ranar nan ba ta ƙara haɗa ido da ni ba. Ba ta ce yi haƙuri ba, ina kika taɓa jin gwaggo ta ba ɗa haƙuri? Amma washegarin gudun Ikrima, ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofata, ta ajiye babban tirenki na silba da muciya a gefe. Minsharina ne ke yi mata rarrashi ta yi barci. Da ya ɗauke sai ta zabura ta rafka wa tiren muciya, ƙarar da ko mataccen kare zai ɗaga kai. Ni in firgita in ja iska, kaji su ɗauka, jakin maƙwabta ya amsa. Unguwa ta yi ƙorafi, ta fita ƙofar gida ta ce wanda bai so ya tashi ya bar unguwar. Tirenki ya lotsa, ki yafe. Tsohuwar ta rame, idonta ya yi ja, na ce ta je ta huta, ta ce in rufe mata baki. Har yanzu ina jin haushinta, kada ki ɗauka na huce. Ina faɗa miki ne don ki san aikin da kike son ki zo ki yi akwai mai yin sa, kuma ba ta da niyyar sauka.

To me ya rage da zai fito da ke, ya kurciyar gidana? Kin manta yadda aka yi haihuwar nan? Ni ban manta ba. Ina tsaye a barandar asibiti jini ya tsinke miki, aka ce a nemo leda biyu, ɗaya daga hannuna aka ɗiba. Malamar asibiti ta ce ko tsallaka kwata ki yi a hankali. Shi ne za ki hau bayan acaɓa, a hanyar da ruwa ya cinye ta zama rami bayan rami? In jinin ya sake tsinkewa tsakanin gona da gona, wa zai tsaya? Garin neman gira za a rasa ido.

Kuma ba ramukan ne suka hana ni sukuni ba, kin sani. Gero yanzu ya fi mutum tsawo, ya rufe hanya hagu da dama, wanda ke ciki yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Waɗancan la'anannun, ɓarayin akuyar da suka koma ɓarayin mutane, masu jin su maza ne don sun rataya ƙarfe a kafaɗa, matsoratan da ba su iya tarar namiji ɗaya sai su goma, kina tsammanin sun san mai jego? Kina tsammanin in sun ga goyo za su ji kunya? Wanda ya san darajar goyo ai ba ya kwana a daji yana jiran matan mutane. Kin ga matar Tayyib maƙwabcinmu lokacin da ta dawo daga hannunsu bayan wata biyu. Da kanki kika kai mata abinci, kika dawo kika kasa cin naki. Ita ba da jaririya a baya aka tafi da ita ba.

Saura gaskiyar da na ɓoye wa kowa. Mutumin kamfanin da zai kawo mini sabuwar na'ura daga Kano, mai murya kamar an shafa mata man shanu, kullum na kira sai ya ce, "Alhaji, in sha Allahu mako mai zuwa, kaya na kan hanya." Ban taɓa zuwa Makka ba, shi ma makon nasa bai taɓa zuwa ba. Ni kuma don rashin kunya na ɗauki ƙaryar tasa na riƙa rabawa, na ba Baba, na ba Salmanu, na ba ki a waya. Likita ce ta bincika mini ta faɗi ainihin magana: irin tawa ba za ta iso ba sai kin gama arba'in da kwanaki. Ga ta nan, na faɗa miki da kaina kafin wani mai gemu ya riga ni.

Kuma ina jin tsoro, Zuwaira. Ni Badaru, mai kayar da bijimi da igiya ɗaya, in aka kira magariba sai gabana ya faɗi, don na san gado na jirana. Nakan yi alwala in yi shahada kamar mai shirin tafiya. Ba abin da nake so a faɗin duniyar nan irin hannunki a kafaɗata da muryarki tana cewa juya. In na ce ba na son ki zo na yi ƙarya, ina so, har cikin ɓargona nake so. Wace ƙasa ce ba ta son ruwa? Wane maraƙi ne ba ya son jin ƙarar ƙwarya? Amma kada ki zo.

Likita ta ce na yi shekaru da ciwon nan ina yawo, makonni ba lalle su kayar da ni ba in na kiyaye, kuma ina kiyayewa, wallahi ina kiyayewa. In kuwa wa'adi ne ya cika, ko kina zaune a kaina sai ya cika. Na ɗora abin biyu a kan sikeli na duba, ba sau ɗaya ba. Gara a shigo a same ki a ɗakin Inna, da ɗumin ruwan wanka a jikinki, Hadiyya na shan nono, a ce miki Badaru bai tashi ba, da a zo rumfata a ce mini an tsinci zanen goyo a bakin gonar gero.

Don haka na yi abin da na san zai ɓata miki rai. Na san halinki, ke da kika tasa ƙato har Kano takarda ba za ta ɗaure ki ba. Kafin Salmanu ya miƙa miki wannan, ya riga ya tsaya wurin Baba da Inna ya faɗa musu shirinki na Alhamis, da asubar da acaɓan duka. Ni na aike shi. Na tona ki, ban kuma yi nadama ba. Ki yi fushi, ki ƙi ɗaukar wayata, ki ce na haɗa ki da iyayenki, duk na ɗauka. Kwana ashirin da ɗaya suka rage. Ki yi wankanki safe da yamma, ki sha kununki na kanwa, ki ci ƙaurin da na aiko har ki gaji, ki tara fushin nan kada ki zubar da ko kaɗan. Ranar da kika cika arba'in, in Allah ya kai mu, zan zo da kaina a motar Salmanu, da rana tsaka, cikin ayari, in durƙusa gaban Inna in roƙi matata. A nan sai ki sauke mini shi duka a ka, zan tsaya in saurara har ki gama.

Ki sumbaci goshin Hadiyya, ki ce mata ubanta na ƙoƙari.

Naki ne ni, ba na kowa ba, in na farka da in ban farka ba,
Badaru